Fam Goma Mai Tagumi

Mafarkin nan da rana tsaka na yi shi, ranar Talatar da ta wuce, bayan na ci tuwon acca na ɗan kishingiɗa a doguwar kujera. Amma kafin in faɗe shi sai na faɗi abin da ke ƙasan akwatina, in ba haka ba ba za a gane kansa ba.

Sunana Saratu Dogara. Ungozoma ce ni, shekara talatin da biyar ina karɓar haihuwa a asibiti kafin in yi ritaya. Wadda ta koya mana aikin wata Sista ce 'yar ƙasar Ailan, Sista Birijit, mace mai faɗa da son tsabta. Ranar da za ta koma gida, a 1976, ta kira ni gefe ta danƙa mini takardar kuɗin ƙasarsu, fam goma, shuɗiya, sabuwa fil ko lanƙwasa babu. Ta ce wanta ne ya aiko mata cikin wasiƙa, ita kuwa ba ta da abin yi da ita. A jikin takardar akwai hoton wata mata ta yafa mayafi, ta dogara gwiwar hannu a kan molo irin na Dawuda, ta rafka tagumi. Na sa ta a ambulan, na sa ambulan cikin tsohon littafin waƙoƙi, na kai ƙasan akwati na zuba kafur. Na yi aure tana nan, na haifi biyar tana nan, mun ga shekarun da albashi ke yin wata huɗu bai zo ba, ban taɓa ta ba. Sai makon jiya da na je Kaduna na nuna wa wani ɗan canji. Ya juya ta, ya ɗaga ta a rana, ya ce Mama wannan kuɗin ya fi shekara ashirin da mutuwa, ƙasar ta haɗa kuɗi da maƙwabtanta, in bai wa jikoki su yi wasa. Na dawo raina a ɓace kamar an zagi 'yar'uwata.

To, ina rufe ido ran nan sai na ji ana ƙwanƙwasa akwatin daga ciki. Na buɗe. Matar ta fito, tsawonmu ɗaya, shuɗiya daga sama har ƙasa, tana ƙamshin kafur, molonta a hamata, hannunta a haɓa. Ba ta da kauri ko kaɗan, in ta juya gefe sai ta ɓace sai ta sake juyowa. Ta gaishe ni da Hausar da ta fi tawa, ta ce a bakina da bakin marigayi maigidana ta koya, yawanci lokacin da muke faɗa.

Sannan ta ce, "Saratu, shekara arba'in da bakwai. Ko ashana ban taɓa saya ba."

Na ce ai girmama ta nake yi. Ta ce ta gode, amma girmamawar nan ce ta tsufar da ita a banza. Ta gaya mini yau ne a ƙasarsu ake tattara irinta a kai injin niƙa, da an kaɗa ƙararrawar yamma shi ke nan. Ba ta tsoron injin, abin da take tsoro shi ne ta shiga bakinsa ba ta taɓa sayen komai ba. Ita kuma ba ta iya zuwa ko'ina sai da mai riƙe da ita. Na ji kunya ƙwarai. Na ɗaura zane, na buɗe ƙofar kicin, sai ga mu a Ailan.

Ƙasa ce kore shar mai sanyi. Ruwan sama daga ƙasa yake tasowa yana komawa gajimare, don haka kowa ya juya lemarsa kamar kwalekwale ya tsaya a ciki yana turawa da sanda. Garin titi ɗaya gare shi, yana gangara daga tudu, kuma lambar kowane gida shekara ce. In ka gangara kana komawa da, in ka haura kana nufo yau. Mai Tagumi ta ce mu fara daga can ƙasa, mutanen da ba su cika tsirfa ba.

A can ƙasa, wajen lamba dubu ɗaya da ɗari takwas da 'yan kai, kowa banki ne. Wanzami banki, baduku banki, mai sayar da kyandir banki, har wata tsohuwa mai tuya ta kafa allo a bakin kaskonta. Muka shiga kantin wani mai jan gemu, Mista Fogati, yana auna sukari da hannun dama, yana rubuta kuɗi da na hagu yana shanyawa a igiya kamar kayan jarirai. Kowace takarda an rubuta mata alkawari cewa duk wanda ya kawo ta za a biya shi. Na tambaye shi da me yake biya. Ya ce da wata takardar, wadda ta fi bushewa. Na ce zinariyar fa? Ya ce tana ɗakin baya. Na leƙa ban ga ƙofa ba. Ya ce ɗakin bayan yana garin surukinsa, shi ma surukin banki ne, nasa ɗakin bayan kuma a nan yake.

Na nuna masa Mai Tagumi na ce muna son sukari ko na cokali ɗaya ne. Ya sa tabarau, ya zagaya ta, ta ɓace, ya dawo gaba. Ya ce aikin ya yi kyau, amma ba a haife ta ba tukuna, mu dawo bayan shekara ɗari da wani abu, zai ajiye mana sukarin. Muna cikin haka wani mutum ya yi tari a bakin ƙofa. Na kusa da shi ya ji kamar ya ce bankin Fogati ya faɗi. Kafin in gyara mayafi titi ya cika da mutane kowa da takardarsa yana gudu. Kantin ya dube su, ya yi ajiyar zuciya, ya kwanta a gefensa a hankali kamar saniya. Mista Fogati ya fito ta taga, ya kakkaɓe gemu, ya ɗauko sabon allo ya rubuta sunansa da wani launin fenti, mutanen kuma suka ja layi suna karɓar sabbin takardu suna yi masa barka da arziki.

Muka kama haurowa. A hanya ta ba ni labarinta, bakinta na motsi hannun na nan a haɓa. Ta ce da ƙasar ta sami 'yancin kai, manya suka ce ba za su ƙara kashe kuɗi mai fuskar wani ba. Maza suka zauna a kwamiti wata da watanni suna shan shayi, suka yanke cewa a zana mace, a ce ita ce ƙasar. Matar da aka ari fuskarta kuwa a ƙetaren teku aka haife ta, amma ba wanda ya ga abin magana a nan. Yayyenta, takardun farko, an rubuta musu a ƙirji cewa mai son a biya shi sai ya tafi babban birnin 'yan mulkin mallakan da aka kora. An kuma rubuta komai cikin harshe biyu, ɗaya wanda kowa ke karantawa, ɗaya wanda kowa ke girmamawa. Na tambaye ta dalilin tagumin. Ta ce mai zanen ne ya ce ta ɗan riƙe haka na minti biyar zai dawo.

Wajen lamba 1970 muka tarar da bankuna duk a rufe da kwaɗo, ma'aikatansu na yajin aiki, sun fi wata shida suna zaune a kan rufi suna cin biskit. Amma gari bai tsaya ba. Kowa na shiga wata mashaya yana fitowa da kayan cefane. Ni da na yi shekara tara ina shugabar zumuntar mata a coci, na tsaya a bakin ƙofa na duba hagu da dama ko akwai wanda ya san ni, sannan na shiga.

Mai mashayar wani ƙato ne mai sanƙo, yana tsaye bayan kanta da akwatin takalmi cike da takardu. Mutum ya zo ya rubuta fam biyar a bayan kwalin taba, ko a ɓawon ƙwai, ya sa hannu. Sai ƙaton ya dube shi, ya tuna uban da ya haife shi, ya tuna yadda yake tafiya in ya sha uku, ya gyaɗa kai, ɓawon ƙwan ya zama kuɗi. Na ga wani ya sayi maraƙi da hular kansa. Na ce a raina nan kam mun dace. Na tura Mai Tagumi gaba na ce a ba mu ko ruwan zafi ne.

Maza suka cire huluna. Mai sanƙon ya ce kuɗin gaske ne wannan, rabonsa da ganin irinsa tun kafin damina, ai ba abin kashewa ba ne. Ya sa aka ɗauko firam da gilashi da ƙusa, zai kafa ta a bango kusa da agogo don yara su riƙa gani. Na ji takarda na karkarwa a gefena. Ta raɗa mini cewa gara akwatina sau dubu, can aƙalla akwai faɗa. Na naɗe ta a hamata kamar tabarma muka fita ta bayan gida da gudu.

Daga nan sai tudu ya yi tsayi, gwiwoyina suka fara magana. Muka wuce gindin wata bishiya inda sauran mutanen jikin tsofaffin kuɗin ƙasar suke zaune, su ma an sallame su: wani malami mai sanƙo da littafi, wata sarauniya, wani mai garma da dawakai biyu yana ta noma kunya ɗaya tun shekaru. Ba ta gaishe su ba, su ma ba su gaishe ta ba.

A ƙarshen titi, kan tudun, ga ofishin tantance tsofaffin kuɗi. Layi ya fito daga tagarsa ya zagaye ginin sau bakwai. Duk mutanen ƙauye ne, kowa da tsohon kuɗinsa a ƙulle a tsumma, kowa kuma da kayan da ya taho da su kasuwa: mai dankali, mai madara, mai nama, mai barguna. Wasu sun yi shekaru a nan, dankalinsu ya tsiro ya yi fure. Yunwa duk ta ramar da su, ga abinci a gefen kowa, amma ba mai saya ba mai sayarwa, don an ce kuɗin ba kuɗi ba ne sai an tantance. A bakin ƙofa wani bijimi ne da hular 'yan gadi, igiyar ƙararrawa a ƙahonsa, injin niƙan na bayansa yana jira.

Furfurata ta sa aka bar ni na isa taga. Kaza ce a kujerar, da 'yan tsakinta suna ɗaukar fayil. Mai Tagumi ta ce ta san ta, da a jikin kwabo take, ta sami ƙarin girma. Na rusuna na ce ranki ya daɗe, na faɗi buƙatarmu. Kazar ba ta ɗago ba. Ta ce wa'adi ya ƙare jiya, amma saboda tausayin talakawa an ƙara shi zuwa shekaranjiya. Duk da haka akwai fom. In an cike, za a ba ni sabon kuɗi goma sha biyu da 'yan kai, ita kuma a niƙa ta a dunƙule ta da sauran a yi makamashi. In ba a cike ba, za a niƙa ta kyauta. Na ce ba canji muke so ba, so muke a ba ta izinin sayen abu ɗaya. Ta ce shi ma fom ɗin ne, a juya bayansa, mai neman izini ta sa hannu da kanta.

Na miƙa wa Mai Tagumi biro. Kazar ta ɗaga fiffike ta ce, "In ta cire hannun daga haɓa ta saɓa wa hotonta, ta zama jabu. Jabu kuwa ba ma karɓa."

"To ta yaya za ta sa hannu?"

"Wannan ba tagata ba ce. Na gaba."

Muka koma gefe. Rana ta yi ƙasa, bijimin ya fara gwada igiyarsa. Mai Tagumi ta ce in bari kawai, na yi iyakar ƙoƙarina, in karɓi sha biyun in sayi man zafi. Ta faɗa ba tare da ɗaci ba, shi ya fi ci mini rai. Na tsaya ina tunanin duk ranakun da na buɗe akwatin nan na dube ta na mayar, ina jin ni mai arziki ce.

Sai na ji wani nishi daga zagaye na huɗu na layin. Nishin da na sani ne, ko a cikin barci aka yi shi sai na tashi. Wata matashiyar mata ce, Nora, ta durƙusa ta riƙe ƙafar keken madara. Mijinta ya ce da cikin wata biyu ta shigo layin, kuma ba za su fita ba don kada a cinye musu wuri. Na kori mazan, na sa mata suka kewaye mu da siket ɗinsu, na wanke hannu da ruwan da ke tasowa daga ƙasa. Haihuwar fari ce, yaron kuma da ƙafa ya taho. Na yi abin da aka koya mini, ina yi mata faɗa da Hausa tana amsawa da harshensu, muna fahimtar juna sarai. Da ya fito bai yi kuka ba. Na juya shi, na murza bayansa, na hura masa, sai ya tsala ihu har 'yan tsakin ofis suka zubar da fayil.

Amma sanyin ƙasar nan ba na jariri ba ne. Ina riƙe da shi ina ganin leɓensa na komawa launin Mai Tagumi. Zanena ya jiƙe sharkaf, na matan ma haka. Ga mai barguna can tsaye da tarin barguna na ulu har kafaɗa, wani dattijo siriri mai dogon hanci. Na ce ya ba ni ɗaya. Ya ce da zuciya ɗaya zai bayar, amma kayan ba nasa ba ne, na masu saƙa ne, kuma ba a sayarwa sai an tantance. Na ce da jaririn da tantancewar wa zai riga wani?

Ban yi shawara da kowa ba. Na kamo Mai Tagumi da hannuna mai jini, na tura masa ita a ƙirji.

"Ga fam goma. Ni Saratu na ce kuɗi ne. Ba ni bargo."

Ya dube ta, ta dube shi. Ya dubi taga, ya dubi jaririn. Sannan ya zaro bargon da ya fi kauri ya miƙo mini, ya karɓe ta, har ya ba ni canji da wasu tsofaffin takardu masu warin taba.

Ina naɗe yaron na ji an ce, "Wash." Mai Tagumi ce ta sauke hannunta daga haɓa. Ta miƙe shi, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sosa bayan wuyanta inda ta ce yana mata ƙaiƙayi tun kafin a haife ni. Dattijon bai ce ta zama jabu ba. Yunwa yake ji. Ya juya ya miƙa ta ga mai dankali, mai dankali ya miƙa wa mai madara, mai madara ta biya wanda ya gyara mata ƙafar keke. Da mutane suka ga haka sai aka shiga kwance tsummoki. Kafin a jima zagaye bakwai ɗin nan sun warware sun zama kasuwa, an hura wuta, ana ciniki ana rantsuwa, wani har ya fara cuta a awo.

Kazar ta fito ta taga tana kyarkyara, tana cewa a koma layi, ofishin da ba shi da layi rufe shi ake yi, ita kuma saura shekara biyu ta yi ritaya. Ba wanda ya saurare ta sai wata mata da ta tambaye ta nawa take sayar da ƙwai. Bijimin ya kaɗa ƙararrawa yadda aka umarce shi, ya duba bai ga kuɗin da ke zaune ba, duk suna yawo, ya cire hula ya tafi neman ciyawa.

Ni kuwa na miƙa wa Nora ɗanta na shiga kasuwar ina nemanta. Ban san me nake so ba, wataƙila sallama. Can na hango ta a hannun mahauci. An riga an ninke ta huɗu, kusurwarta ɗaya ta yage, ga maiƙo a kumatu, wani ya rubuta lissafi da biro a kan molon. Dariya take yi, bakinta har kunne. Na ɗaga hannu na kira ta. Ta waiwayo ta ce wani abu, amma mahaucin ya riga ya miƙa ta ga wata mai kifi, ta cusa ta a lalita. Na tsaya a tsakiyar kasuwa da canjin mutane a hannu, ina jin daɗi, ina kuma jin kamar ranar da autata ta shiga mota ta tafi makaranta ba ta leƙo ta taga ba.

Sai na ji ana buga wani abu, gwaram, gwaram, ana ta musu. Na buɗe ido. Sale mai ruwa ne yake buga jarka a ƙofar gida, shi da maƙwabciyata Maman Rifkatu suna ta cacar baki. Wai wata ɗari biyu ya ba ta canji, ta tsufa ta yi laushi an ɗinke tsakiyarta da salatif, ita ta ce ba za ta karɓa ba, shi ya ce haka aka ba shi. Na jawo silifas na fita, wuyana duk ya sage. Na ce ya miƙo in gani. Ta yi baƙi ƙirin, tana warin kifi da kananzir, da ƙyar ake gane fuskar da ke jiki. Na ba Maman Rifkatu sabuwa daga haɓar zanena, na riƙe tsohuwar, na taka zuwa bakin titi na sayo gyaɗa da ita tun kafin ta huce.